Jariri ya zo da tawaya: me ke jawo ta, kuma don me ake ɗora wa uwa?

Ummu Yusra:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana damuna, ina so waɗanda suka sani su warware mana ita. Duk lokacin da aka haifi jariri da wata tawaya, ko leɓe a tsage, ko ƙafa a murɗe, ko kai ya fi ƙima, tun uwar ba ta gama dawowa hayyacinta daga naƙuda ba ake fara tambayar me ta yi. Me ta ci, me ta sha, wane aiki ta yi da cikin. Ban taɓa jin an waiwaya an tambayi uban ba. Shin a ilimin likita da gaske uwa ce ke jawo wa ɗanta wannan? In ba ita ba ce, mene ne? Kuma akwai abin da mace za ta yi ta kare?

Anti Ungozoma:
Wa alaikumus salam Ummu Yusra. Kin sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. A ɗakin haihuwa, da zarar mun nuna wa uwa jaririn, tambayar farko da ke fita daga bakinta ita ce, "Anti, ni na jawo masa?" Ba ta ma jira wani ya zarge ta ba, ta riga ta fara da kanta.

Abin da nake gaya musu shi ne, yawancin gaɓoɓin jariri suna samuwa ne a makonni 8 na farko bayan shigar ciki. Bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka yana rufewa ne cikin kwana 28 na farko. Leɓe kuma yana haɗewa tsakanin mako na 4 da na 7. Mace nawa ce ta tabbatar tana da ciki a wannan lokacin? Da yawa ba su ma gama lissafin ɓatan wata ba. Don haka abin da ta ci a wata na bakwai, ko sunkuyon da ta yi tana wanki, ko zamewar da ta yi daf da haihuwa, ba su ne suka tsaga leɓen ba. An wuce wurin tuntuni.

Likitan Yara:
Anti ta gama magana a kan lokaci, bari in ƙara da yawan abin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa kusan jarirai 6 cikin 100 a duniya ana haihuwarsu da wata tawaya, babba ko ƙarama. Kimanin 240,000 suna rasuwa kowace shekara cikin kwana 28 na farko saboda ita, wasu 170,000 kuma tsakanin wata ɗaya da shekara biyar. Waɗanda suka fi yawa cikin masu tsanani su ne na zuciya, da na laka da ƙwaƙwalwa, da lalurar Down mai jinkirta girman yaro da koyonsa. Ta zuciya kaɗai tana samun kusan jariri 1 cikin 100.

Dalilai kuwa, wasu daga ƙwayoyin gado ne, kuma gado daga uwa da uba yake zuwa, rabi da rabi. Wasu cuta ce ta kama uwa da ƙaramin ciki, kamar rubela, wata cuta mai kama da ƙyanda, ko tunjere. Wasu ƙarancin wani sinadari ne a jiki, wasu magani ne ko giya, wasu ciwon suga ne da ba a daidaita ba kafin a ɗauki ciki. Amma kusan rabin waɗanda ake gani, ko an yi bincike ba a iya ɗora su a kan dalili guda. Idan likita da na'urorinsa bai iya nuna yatsa ba, ina mai zuwa dubiya ya samo nasa tabbacin?

Baban Abba:
Likita a daina kwana-kwana. Auren dangi na kusa shi ne tushen abin, kowa ya sani, ana dai jin nauyin faɗa ne. A daina shi a ga in ba a huta ba.

Hajiya Kaka:
Ɗana bi a hankali. Ni da maigidana 'ya'yan wa da ƙani ne, 'ya'yanmu duka lafiya lau, jikoki ma haka. Na kuma san wadda ta auri bare, ba su haɗa komai ba, ɗanta na fari ya zo da huji a zuciya. Ita kuma me za ka ce mata?

Baban Abba:
Hajiya ki gafarce ni, amma gida ɗaya da ya tsira ba ya zama hujja.

Likitan Yara:
Kowannenku yana da rabon gaskiya, amma Baban Abba ka kai maganar inda ba ta kai ba. Kusan kowace ƙwayar gado muna ɗauke da ita biyu-biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Kowannenmu, ba tare da ya sani ba, yana ɗauke da wasu da suka sami matsala, sai dai lafiyayyar da ke gefe tana rufa musu asiri. Ciwo yana bayyana ne idan yaro ya gaji mai matsalar iri ɗaya daga ɓangarori biyu. Waɗanda suka haɗa kaka sun fi yiwuwar ɗaukar iri ɗaya, shi ya sa haɗarin ke ƙaruwa.

Nawa yake ƙaruwa? Wani babban bincike da aka yi a garin Bradford na Ingila, aka wallafa a 2013, ya gano cewa auren 'ya'yan wa da ƙani yana ninka haɗarin daga kusan 3 cikin 100 zuwa kusan 6 cikin 100. Ninki biyu ba wasa ba ne. Amma ku duba ta ɗaya gefen, 94 cikin 100 suna zuwa ba tare da tawaya ba, kamar 'ya'yan Hajiya. Kuma ko an daina auren dangi kwata-kwata, ukun nan na nan. Inda na fi jan kunne shi ne dangin da aka yi ta maimaita auren a junansu kaka da kakanni, ko aka san akwai wani ciwo da yake ta dawowa, ko jarirai suna rasuwa a jere ba a san dalili ba. Irin waɗannan ya kamata su ga likita kafin a ɗaura aure.

Sikila ma misali ce. Ba ruwanta da dangantaka, AS ya auri AS ko daga wace nahiya suka fito, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 ya zama SS. A lura, kowane ciki da nasa lissafin. Ba wai in an sami ɗaya mai ciwon sauran ukun sun tsira ba.

Malam Na Gefe:
Ina bin ku tun ɗazu. Ni dai tsorona kada yawan lissafi ya mantar da mu ƙaddara. Abin da Allah ya rubuta wa yaro ba makawa sai ya zo da shi.

Ummu Yusra:
Malam ban musa ba ko kaɗan. Amma abin da ke ba ni mamaki, bakin da ke cewa ƙaddara ce shi ne kuma yake juyawa ya ce uwar ce ta jawo. In ƙaddara ce, a bar baiwar Allah ta sarara mana. In kuma sababi ake nema, a nemi na gaskiya wanda zai amfani cikin gaba.

Malam Na Gefe:
Wannan kam na yarda. Neman magani da rigakafi ba su saɓa wa tawakkali ba. Zargin uwa ba da hujja ba kuwa zalunci ne, kuma a kan wadda ta fi kowa jin zafin abin.

Maman Haidar:
Na daɗe ina karantawa ina share hawaye, bari in sa baki. Ɗana an haife shi da buɗaɗɗen ƙashin baya. Wani ƙullutu ne a ƙasan bayansa, fatar wurin sirirya har kana hango ruwa a ciki. Aka yi masa tiyata a kwanakin farko aka rufe. Ba a jima ba kansa ya fara girma, maɗigarsa ta kumbura ta yi tauri, idanunsa suna kallon ƙasa. Aka ce ruwa ne ya taru a kai, aka sake shiga da shi aka sa masa siririyar roba daga kai zuwa ciki tana zuƙe ruwan.

Mutane suna ɗauka tiyata ce wahalar. Wallahi tiyata ita ce mai sauƙi, don tana da ranar gamawa. Abin da ba ya ƙarewa shi ne na kullum. Fitsari ba ya fita masa yadda ya kamata, sai na sa masa roba sau da yawa a yini don kada ƙodarsa ta lalace. Ƙafafunsa ba ya jin su sosai, don haka kowane dare sai na duba tsakanin yatsunsa da dugadugansa, domin zai iya jin rauni ko ƙuna bai sani ba har ya zama gyambo. In ya yi zazzaɓi da amai, gabana faɗuwa yake, ko robar kan ce ta toshe.

Na ajiye aikina. Abin da muka tara ya tafi a asibiti. Amma abin da ya fi ci mini rai ita ce yayarsa. Yarinya ƙarama ta koyi yin shiru da buƙatunta don ta ga hannuna a cike yake. Ranar da na ga tana ɓoye takalminta da ya yage don kada ta ƙara mini damuwa, na shiga ɗaki na yi kuka mai isata. Babansu bai gudu ba, Allah ya saka masa, amma ya yi watanni ba ya iya ɗaukar yaron, kuma ba ya iya faɗin abin da ke ransa. Wasu daga cikin danginsa har yau "ɗanki" suke cewa, ba "ɗanmu" ba.

Duk da haka kada wani ya ji tausayinmu fiye da kima. Yaron nan yana makaranta, yana da wayo da surutu, yana tuƙa kekensa da kansa, kuma shi ne mai sa gidan dariya.

Hajiya Kaka:
Allah sarki 'yata. Allah ya ba ki lada, ya raya miki su duka biyun. Ki riƙa ware wa yayar tasa 'yar sa'a, ko hira ce ku yi ku biyu.

Anti Ungozoma:
Maman Haidar sannu da ƙoƙari. Ki ba ni dama in yi magana a kan irin nasa, don shi ne wanda rigakafinsa ya fi kowanne sauƙi, kuma ba don in ce kin yi sakaci ba, mata da yawa ba a taɓa gaya musu ba. Bututun nan da na ambata yana rufewa ne kamar zif ɗin riga. In ya tsaya bai ƙarasa ta ƙasa ba, shi ne buɗaɗɗen baya. In ta sama ne, ƙwaƙwalwa ba ta cika, kuma irin wannan jaririn ba ya rayuwa. Sinadarin folik asid, wani nau'in bitamin, yana taimaka wa rufewar. Ƙa'ida ita ce maikurogiram 400 kullum, a fara tun kafin a ɗauki ciki, a ci gaba har watanni uku na farko.

Matsalar ita ce mun saba ba da shi a wurin awo, mace kuwa sai ciki ya yi wata huɗu ko biyar take zuwa. A lokacin yana da amfani wajen ƙarin jini, amma batun baya an riga an gama. Duk macen da ke iya ɗaukar ciki, ko amarya ce ko mai shirin ƙara haihuwa, ita ce ya kamata ta fara sha tun yanzu.

Maman Haidar:
Anti ni fa tsoron sake haihuwa nake. Kullum tunanina zai maimaita.

Likitan Yara:
Tsoronki yana da dalili, domin wadda ta taɓa haihuwar irinsa haɗarinta ya fi na sauran mata. Amma mafi yawa suna haihuwar lafiyayyu bayan haka. Kuma a kan mata irinki aka yi binciken da ya tabbatar da amfanin folik asid, wanda Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta fitar a 1991. An ga ya rage maimaituwar da kusan kashi 70 cikin 100. Sai dai ke ba 400 ɗin nan za ki sha ba, ana ba irinku mai ƙarfi, miligiram 4 zuwa 5, wato ninki goma na wancan ko fiye, kuma likita ne zai rubuta miki kafin ciki. Saboda da yawan ciki ba shirya shi ake yi ba, ƙasashe da dama sun wajabta zuba sinadarin a cikin fulawa. Amurka ta fara a 1998, kuma adadin masu wannan tawaya ya ragu bayan haka.

'Yar Auta:
Likita ina da tambaya, ina jin kunya amma dole. Ina shan maganin farfaɗiya tun ina yarinya, kuma aurena ya kusa. Na ji an ce yana lalata jariri. In daina?

Likitan Yara:
Ƙanwata kada ki daina da kanki, ko na kwana ɗaya. Faɗuwa da ciki haɗari ce gare ki da jaririn. Magungunan farfaɗiya ba ɗaya ba ne. Wanda ake kira valproate shi ne ya fi haɗari, kusan jariri 1 cikin 10 da uwarsa ta sha shi da ciki yana zuwa da tawaya, ban da matsalar koyo daga baya. Akwai wasu da suka fi shi aminci nesa ba kusa ba. Ki je wurin likitanki tun yanzu ki ce masa kina shirin aure, don sauya magani a hankali ake yi, yana ɗaukar watanni. Haka mai ciwon suga, da mai shan warfarin na tsinka jini, da mai shan isotretinoin na ƙurajen fuska, duk kafin ciki ake gyara lamarinsu.

Duniya ta koyi wannan darasi da tsada. A ƙarshen shekarun 1950 an riƙa ba masu ciki wani magani, thalidomide, don tashin zuciya da rashin barci. An janye shi a 1961, amma gaba ɗaya an haifi yara sama da 10,000 da tawaya saboda shi, da yawa da gajerun hannuwa ko ƙafafu, wasu ba su da su sam. Iyayen nan ba su yi ganganci ba, abin da aka ce musu ba shi da illa suka sha.

Anti Ungozoma:
A ƙara da rubela. Ga babba ba komai ba ce, ɗan zazzaɓi da ƙuraje na kwana kaɗan, wata ma ba za ta san ta yi ba. Amma in ta kama mace a makonnin farko na ciki, jariri na iya zuwa da kurumta, da yana a ido, da matsalar zuciya. Wani likitan ido a Ostireliya, Norman Gregg, shi ya fara gano alaƙar a 1941 da ya ga jarirai masu yana sun yi yawa bayan annobar cutar. Allurar rigakafinta tana nan, amma ba a yi wa mai ciki, sai kafin ciki. Tunjere kuwa gwajin jini ne a wurin awo da allurar fenisilin, kuma dole a haɗa da mijin, in ba haka ba zai sake sa mata.

Abu Safwan:
Bari namiji ya yi magana daga ciki. 'Yata ta zo da ƙafafu biyu a murɗe, tafin yana kallon ciki. Ranar na fita waje na rasa inda zan sa kaina, kuma ba wanda ya tambaye ni yaya nake ji, ni ma ban san yadda zan faɗa ba. Wasu suka ce a bari ta girma zai miƙe, wasu suka ce a riƙa murzawa. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta ce kada mu ɓata lokaci, ƙashin jariri da jijiyoyinsa suna da taushi yanzu.

Hanyar Ponseti aka bi, sunan likitan da ya ƙirƙiro ta ne a Amurka. Duk mako a ɗan juya ƙafar a hankali a naɗa filasta tun daga yatsu har cinya, mako na gaba a cire a sake. Daga ƙarshe aka ɗan yanka jijiyar dunduniya, sai takalma biyu da ƙarfe ya haɗa su, da farko dare da rana, daga baya sai lokacin barci har ta kai shekara huɗu. Takalman nan su ne jarrabawar, don tana kuka uwar tana kuka, kuma in aka yi sakaci ƙafar komawa take. Ni na karɓi aikin ɗaura su kowane dare don uwar ta huta da abu ɗaya. Yanzu in tana gudu ba mai cewa ga yadda aka haife ta. Maza 'yan uwana, ba sai ka iya lallashi ba, ka ɗauki aiki ɗaya ka ce wannan nawa ne.

Baban Abba:
Wannan magana ta shige ni, Abu Safwan. Amma ina da tambaya kan hoton ciki. In an gani ba a iya gyarawa, me amfanin a ɗaga wa mace hankali wata huɗu kafin ta haihu?

Ummu Yusra:
Ni kam gara in sani. Firgicin ɗakin haihuwa ya fi.

Hajiya Kaka:
Ni kuma da a zamanina ne da ban so ba. Wata in ta ji, ko abinci ba za ta ƙara ci ba.

Likitan Yara:
Ba zan ce kowa ya ji iri ɗaya ba, amma ga amfaninsa. Hoton da ake yi tsakanin mako na 18 da na 22 yana iya nuna buɗaɗɗen baya, da ruwa a kai, da tsagewar leɓe, da wasu matsalolin zuciya, ko da yake ba komai yake gani ba. Sanin yana sauya inda za a haihu. Jaririn da hanjinsa ke waje, ko bayansa a buɗe, ko zuciyarsa ke buƙatar taimako a sa'o'in farko, in aka haife shi inda akwai likitan tiyatar yara ya sami dama. In aka haife shi nesa aka yi ta yawo da shi a hanya, sanyi da ƙwayoyin cuta kan riga likita. Abin da Hajiya ta faɗa kuma laifinmu ne mu ma'aikata in muka jefa wa mace labari muka wuce, ba bayani ba zama.

Mai Murmushi:
Ni da kaina aka haifa da tsagaggen leɓe da ganɗa, yanzu ni babba ce da 'ya'yana. Mahaifiyata ta ba ni labarin yadda nono yake fitowa ta hancina, ta riƙa tatsa tana ba ni da cokali a zaune, kaɗan-kaɗan, dare da rana, don in yi nauyin da za a iya yi mini aiki. Ni ba a gyara mini da wuri ba, sai da na shiga makaranta, shi ya sa har yau maganata tana ɗan fita ta hanci. Yanzu ana ɗinke leɓe tun jariri yana wata 3 zuwa 6, ganɗa kuma wajen shekara ɗaya kafin ya fara magana, kuma akwai ƙungiyoyi irin su Smile Train da ke ɗaukar nauyin aikin kyauta a ƙasashe da yawa. Kusan 1 cikin 700 ake haifa da shi, muna da yawa.

Tsokanar yara ta yi mini ciwo, amma ba ita ta fi ba. Abin da na fi tunawa shi ne yadda in baƙi suka zo ake cewa in shiga ciki. Yaro yana gane ana ɓoye shi tun kafin ya san dalili. Mahaifiyata ce ta hana, ta ce inda sauran 'ya'yanta suka zauna nan zan zauna.

'Yar Auta:
Yaya Allah ya saka wa mahaifiyarki da alheri. Likita, lalurar Down fa, gaskiya ne sai tsofaffin mata ke haifa?

Likitan Yara:
A'a. Haɗarin yana ƙaruwa da shekarun uwa, a shekara 25 bai kai 1 cikin 1,000 ba, a 40 ya kai kusan 1 cikin 100. Amma tunda matasa sun fi yawan haihuwa, da yawa daga cikin yaran nan iyayensu mata ba su kai 35 ba. Ƙarin kuromosom ne guda, wato ƙunshin ƙwayoyin gado, a lamba ta 21, yaro ya zo da 47 maimakon 46, kuma yana faruwa ne tun wajen samuwar ƙwai ko maniyyi, ba abin da uwa ta ci ko ta bari. Abin da nake so iyaye su riƙe shi ne kusan rabinsu suna da matsalar zuciya, don haka a yi hoton zuciya a makonnin farko ko da jaririn yana kama da lafiyayye. A duba ji, da gani, da ƙwayar maƙogwaro da ke sarrafa girma.

Maman Haidar:
Likita ka taimaka ka faɗi alamomin zuciyar, akwai wadda muke haɗuwa a asibiti tana ta tambaya.

Likitan Yara:
Jariri ya riƙa gajiya yana shan nono, ya sha kaɗan ya saki yana haki, gumi ya tsattsafo masa a goshi, numfashinsa da sauri ko yana barci, nauyinsa ya ƙi ƙaruwa, ko leɓe da harshe su yi shuɗi musamman in yana kuka. Ƙananan huji da yawa suna rufewa da kansu, wasu sai magani ko tiyata, kuma hoton zuciya ne kawai ke bambancewa. In ta ga shuɗin nan ko numfashi ya yi wuya, kada ta jira ranar da aka ba ta, ta kai shi a ranar.